RA'AYINMU: Bayan an kwashe rumfuna, wa zai ba dashen ruwa?

Duk wanda ya hau babur ya zaga ƙasar Daura, ko dai ya fita daga cikin gari ya nufi Sandamu, ko ya bi ta Zango ya ɓulla Baure, ko kuwa ya miƙi hanyar Mai'aduwa har Kwangwalam, da wuya ya dawo gida bai ci karo da ɗayan abubuwan nan ba. Zai ga famfon tuƙa-tuƙa da ya daina kawo ruwa, yara sun mai da hannunsa abin lilo. Zai ga ginin aji da ya tsaya a linta, tafasa ta fito a cikinsa, awaki sun mai da shi makwanci. Zai kuma ga allon ƙarfe a bakin wani fili, an rubuta sunan ƙungiya da shekarar da ta dasa itatuwa a wurin, amma in ya waiga ba zai ga ko inuwar da kaza za ta fake ba.

Kowanne daga cikin waɗannan yana da ranar da aka yi bikinsa. An kafa rumfuna, an jera kujeru, an ɗauko lasifika, babban baƙo ya yanke ƙyalle, an ɗauki hotuna an watsa a Facebook. Da la'asar masu rumfa suka kwashe kayansu, kowa ya kama gabansa. Daga wannan rana ba wanda ya sake tambayar wa zai sayi robar famfon idan ta cinye, ina kuɗin kwano zai fito, wa zai ba dashen ruwa idan damina ta ɗauke.

Abu mafi sauƙi shi ne a ce cin kuɗin aka yi. Wani lokaci kuwa haka ne, ba ma musu. Amma mu da muke cikin harkar aikin sa-kai mun san cewa da yawa daga waɗanda suka bar irin waɗannan kufai a bayansu ba ɓarayi ba ne. Mutane ne masu kyakkyawar niyya, wasunsu ma daga aljihunsu suka riƙa cike giɓi. Abin da ya kashe aikin shi ne tun farko tunaninsu bai wuce ranar buɗewa ba. To, wannan shi ne abin da muke son mu tattauna da 'yan uwa matasa a wannan mako, domin a yau babu unguwar da ba ta da ƙungiyar matasa, ko kwamitin masallaci, ko gidauniyar marayu, kuma galibi mu ne masu riƙe da littafin rasit, mu ne masu bin gida-gida muna karɓar taro da sisin talakawa. Matsayinmu a taƙaice shi ne, duk ƙungiyar da ba za ta iya faɗin wanda zai riƙe aiki bayan ta gama shi ba, da kuma inda kuɗin riƙon zai fito, ba ta da hurumin karɓar ko kwabon kowa da sunan wannan aiki.

Kada wani ya zaci daga nesa muke jifa. Mai wannan rubutu yana cikin wata ƙungiyar matasa da ta taɓa ɗaukar aikin kewaye wata maƙabarta da itatuwa. Dashen kyauta muka same shi, cikin watan Agusta, ƙasa tana da laima. Muka kira gayya ranar Asabar, kafin azahar mun gama, aka yi addu'a aka watse, kowa yana jin ya shuka lada mai gudana. Ba mu yi maganar kewaye kowane dashe da ƙaya ba, ba mu kuma yi maganar ruwa ba. Da aka kawar da amfanin gona aka saki dabbobi, awaki suka fara nasu aikin, iskar hunturu da ranar bazara suka ƙarasa. Da damina ta zagayo, abin da ya rage da rai bai fi a ƙirga da yatsu ba, su ɗin ma wani dattijo da ke maƙwabtaka da wurin ne ya riƙa juye musu ragowar ruwan butarsa. Ba wanda ya ci ko kwabo a cikinmu, amma aikin ya mutu.

Da mun zauna da biro da takarda na rabin sa'a, da mun gane nauyin da muke shirin ɗauka. A ɗauka dashe 500 ne. A ƙasarmu damina ba ta wuce wata huɗu, sauran wata takwas ɗin, wato kusan mako 34, sai an ba su ruwa. In jarka ɗaya za ta ishi dashe biyu, ana buƙatar jarka 250 a kowane ban ruwa. In sau biyu za a yi a mako, jarka 500 ke nan. In kurar ɗan garuwa tana ɗaukar jarka 10, kura 50 ke nan kowane mako, kura 1,700 kafin ruwan farko ya sauka. Kowa ya san kuɗin kura a unguwarsu, sai ya ninka ya gani. Da mun yi wannan lissafi, da dashe 50 muka karɓa, muka raba wa mutum 25, kowa da nasa biyu da sunansa a kai, da yanzu masu rakiyar gawa suna samun inda za su fake wa rana. Hausawa suka ce ba a fafe gora ranar tafiya.

Wannan darasi ba sabo ba ne a ƙasar Daura, kuma ba ƙananan ƙungiyoyi irin namu kaɗai ya shafa ba. A shekarar 1987, shekarar da aka ƙirƙiro Jihar Katsina, an fara wani babban shirin dashen itatuwa a arewacin jihar, haɗin gwiwar gwamnatin tarayya da Ƙungiyar Tattalin Arzikin Turai, wato EEC, wadda daga baya ta zama Tarayyar Turai. An kafa wuraren renon dashe, an yi dogayen shingayen bedi da turare don tare iska da rairayi, an raba wa manoma dashe su sa a gonakinsu. Aiki ne da aka yi da gaske. Amma ranar 10 ga Nuwamba, 1995, gwamnatin Janar Sani Abacha ta rataye Ken Saro-Wiwa da wasu mutum takwas a Fatakwal, nan take Tarayyar Turai ta dakatar da tallafin raya ƙasa da take ba Nijeriya. Manomin Baure bai san Saro-Wiwa ba, ba shi da hannu a rigimar man fetur ta ƙasar Ogoni, amma kuɗin da ke ciyar da aikin yankinsa a nan ya yanke.

Shekara 30 bayan haka sai ga irinta ta sake faruwa. Ranar 20 ga Janairu, 2025, ranar da ya koma kan mulki, shugaban Amurka Donald Trump ya sa hannu a takardar dakatar da tallafin da ƙasarsa ke bayarwa a waje, zuwa farkon Yulin shekarar kuma an rufe hukumar USAID. Ingila da wasu ƙasashen Turai su ma suka sanar da rage nasu. A cikin watan Yulin nan na 2025, ƙungiyar likitoci ta MSF ta bayyana cewa yara 652 masu fama da tamowa sun rasu a cibiyoyinta na Jihar Katsina cikin wata shida na farkon shekarar, ta kuma ambaci yanke tallafi a cikin abubuwan da suka tsananta lamarin. A nan maganar ta wuce ta itace, ta zama ta rai. Ba muna cewa haramun ne a karɓi tallafi daga waje ba. Abin da muke cewa shi ne, duk wanda ya karɓa ya sani cewa tabbas akwai ranar da zai yanke, kuma ba da shawararsa za a yanke shi ba. Zanen aro ba ya rufe katara.

Yanzu mu leƙa ƙetaren iyaka mu ga ɗaya ɓangaren. Ba nisa za mu yi ba, ƙasar Matamaye da Magarya da Mirya ce a jihar Damagaram, da kuma yankin Maraɗi. Mutanen nan 'yan uwanmu ne, harshe ɗaya, gero ɗaya, kasuwa ɗaya. Bayan farin shekarun 1970 an kashe maƙudan kuɗi a Nijar wajen dashen itatuwa, mafi yawansu suka mutu. A shekarar 1983 wani mutumin Ostireliya mai suna Tony Rinaudo, ma'aikacin wata ƙungiyar mishan a Maraɗi, wanda shi ma ya gaji da ganin dashensa yana bushewa, ya lura da cewa 'yan tsirran nan da manoma ke sassabewa kowace shekara kafin shuka toho ne na kututturan itatuwa, waɗanda saiwarsu ke nan da rai a can ƙarƙashin ƙasa. Abin da ake buƙata kawai shi ne manomi ya zaɓi 'yan rassa masu ƙarfi ya bari, ya datse sauran, ya riƙa kulawa. Babu sayen dashe, babu ban ruwa, kayan aikin kuwa wuƙa ce ko gatari, waɗanda kowane gida ke da su. Aka sa wa dabarar suna sassaben zamani.

Ga inda darasin yake ga masu tafiyar da ƙungiya. Lokacin yunwar 1984 an haɗa wannan dabara da rabon abinci, ka bar itace a gonarka a ba ka hatsi. Da rabon ya ƙare, sai aka sare mafi yawan itatuwan. Wanda ya bar itace don buhun hatsi, ranar da buhu ya daina zuwa ya ɗauki gatari. Amma waɗanda suka ga amfanin abin da idonsu, ga itacen girki kusa da gida, ga 'ya'yan gawo ga dabbobi, ga iska ta daina binne shuka, su suka ci gaba ba tare da an ba su komai ba, maƙwabta suka gani suka kwaikwaya. Sannan akwai batun mallaka. A da itace na hukuma ne ko da a gonarka ya fito, ma'aikacin daji yana iya cin ka tara in ka taɓa shi, saboda haka manomi ya gwammace ya kashe shi tun yana toho. Da aka sassauta wannan, aka kuma zo da dokar karkara ta 1993 da dokar daji ta 2004, sai manomi ya samu natsuwar cewa itacen gonarsa nasa ne. Bayan kimanin shekara 20, masu bincike da suka yi amfani da hotunan tauraron ɗan Adam suka ƙiyasta cewa wajen hekta miliyan 5 ta sake yin kore a kudancin Nijar, da itatuwa kusan miliyan 200. Ba a kafa rumfa ba, ba a yanke ƙyalle ba.

Alhamdu lillahi, dabarar ta ƙetaro. A shekarar 2014 ƙungiyar Oxfam da cibiyar ICEED, da kuɗin Tarayyar Turai, sun fara shirin FUWOBA a ƙananan hukumomi 7, wato Daura, Baure, Zango, Sandamu, Mai'aduwa, Mashi da Dutsi, inda aka haɗa renon toho a gonaki da yaɗa murhu mai tsimin itace. Wa'adin shirin ya cika, ma'aikatansa sun tafi. Wanda ke son ya san ko ya yi nasara, ba ofis zai je ya nemi rahoto ba. Gona zai shiga ya ga ko manomi yana ci gaba da barin toho yau da ba mai zuwa dubawa, ya kuma tambayi iyayenmu mata ko murhun yana nan a madafi.

Abin da ke samun itace shi ke samun famfo. A shekarar 2009 cibiyar IIED da ke Landan ta fitar da rahoton da ya ƙiyasta cewa wuraren samun ruwa wajen 50,000 ne suka lalace a karkarar Afirka, asarar da ta kai dala miliyan 215 zuwa 360. Sau da yawa abin da ke tsayar da famfo ɗan ƙaramin abu ne, roba ko noti, wanda kuɗinsa bai taka kara ya karya ba, amma da yake famfon na kowa ne, sai ya zama ba na kowa ba. Abin kunya ne a ce a garin da rijiyar Kusugu take, wadda ta yi shekaru aru-aru kuma har yau ana ɗebo ruwanta, burtsatsen da bai shekara biyar ba ya zama kufai. Kusugu tana da masu kula da ita. Wannan ne ma ya sa shirin CSDP na Bankin Duniya, wanda ya fara a 2009 kuma Jihar Katsina tana cikinsa, ya sharɗanta cewa al'umma ce za ta zaɓi aikin da take so, ta kafa kwamitinta, ta kuma kawo kashi 10 cikin 100 na kuɗin, ko da tsaba ko da yashi da dutse da ƙwadago. Mutum ba ya zuba ido abin da guminsa ya shiga ya lalace.

To, mene ne abin yi? Muna ba kowace ƙungiya shawarar kada ta buga rasit, kada ta sa ranar ƙaddamar da gidauniya, sai ta zauna ta amsa tambayoyi shida, a rubuce.

Ta farko, wa ya nemi aikin? Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Sau nawa muka yanke a majalisarmu ta dare cewa unguwa kaza tana buƙatar abu kaza, ba mu tambayi ko mutum ɗaya daga cikinta ba? A zauna da mai unguwa da liman da dattawa. A nemi hanyar jin ta bakin mata, domin in maganar ruwa ce ko itacen girki ko lafiyar yara, su ne masu fama. In aikin na buƙatar fili, a samu takarda da shaidu, mai unguwa da dagaci su sa hannu, a kai ga hakimi. Wanda ya ba da fili da baki yau, gobe in ya rasu magada ba su san zancen ba.

Ta biyu, mene ne aikin, nawa ne, zuwa yaushe? "Taimakon marayu" buri ne, ba a iya auna shi. Amma in aka ce za a biya wa marayu 40 na unguwa kaza kuɗin makaranta da littattafai na shekara uku, kowa zai iya zuwa ya duba ko an yi ko ba a yi ba. Dubi yadda aka yaƙi kurkunu. A binciken 1988 zuwa 1989 an ƙirga sama da mutum 650,000 masu cutar a Nijeriya. Cibiyar Carter ta tsohon shugaban Amurka Jimmy Carter, tare da hukumomin lafiya, daga baya kuma da Janar Yakubu Gowon, suka sa gaba a kan manufa ɗaya tak. A kowane ƙauye mai cutar aka sa ɗan sa-kai ɗan garin, yana raba ƙyallen tace ruwa, yana rubuta duk wanda ya kamu, yana miƙa rahoto kowane wata. An ga mai cutar na ƙarshe a watan Nuwamban 2008, a 2013 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar ƙasar ta rabu da ita. Shekara 20 ana ƙirga, wata bayan wata, kuma ƙashin bayan aikin matasa ne irinmu da littafi da biro.

Ta uku, nawa zai ci, tun daga tushe har ya yi shekaru yana aiki? A nan ne mafi yawanmu ke faɗawa rami. Ranar gidauniya wani ya kama lasifika ya yi alkawarin dubu ɗari biyar, an yi kabbara, sakatare ya rubuta, washegari an tona tushen aji shida. Alkawarin lasifika ba kuɗi ba ne sai ya shiga asusu. A yi lissafi da abin da ke hannu. Sannan a tuna farashi ba ya jiran kowa. Buhun simintin da ake saye wajen Naira 5,000 a 2023 ya haura Naira 10,000 a wurare da dama a watan Fabrairun 2024, bayan cire tallafin mai da faɗuwar darajar Naira. Duk wanda ya yi ƙiyasi kafin nan ya tsaya jan ƙafa, rabin gini kuɗinsa ya yi masa. Saboda haka a raba aiki mataki-mataki, ta yadda kowane mataki zai iya amfani shi kaɗai. Aji biyu da rufi da ƙofa da yara a ciki sun fi aji shida a linta. A ware wani abu, ko da kashi ɗaya cikin goma ne, don abin da ba a zata ba. A kuma duba lokaci, a buga bulo da rani, a yi rufi kafin ruwa ya sauka, kada a kira gayya ana tsakiyar noma a ce mutane ba su da kishi.

Ta huɗu, a hannun wa kuɗin zai zauna? Mai karɓa daban, mai ajiyewa daban, mai ba da izinin kashewa daban. A buɗe asusu da sunan ƙungiya, mutum biyu cikin uku su riƙa sa hannu. Kada a riƙa tara gudummawar jama'a a asusun shugaba na kansa, inda kuɗin marayu zai cakuɗe da kuɗin cefanensa har shi kansa ya kasa rabewa. Ƙungiyar da ta girma ta yi rajistar amintattunta da hukumar CAC kamar yadda dokar kamfanoni ta 2020 ta tsara, ta riƙa miƙa rahoton shekara, ta kuma nemi takardar SCUML da bankuna ke tambaya. Ƙarama kuwa, aƙalla kowane wata ta rubuta abin da ya shigo da abin da ya fita, ta liƙa a inda masu bayarwa za su gani.

Mun san abin da wasu 'yan uwa za su ce. Za su ce ai mu aikin Allah muke yi, tambayar ɗan uwa rasit rashin yarda ne, duk wannan takarde-takarde na 'yan boko ne. Muna tunatar da su cewa ayar da ta fi kowace tsawo a cikin Alƙur'ani, aya ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka, kuma mutanen da aka fara yi wa wannan umarni sun fi mu gaskiya da amana nesa ba kusa ba. A Suratu Yusuf kuma mun karanta tsarin tanadin hatsi na shekara bakwai don wasu bakwai masu zuwa. Rasit kariya ne ga mai gaskiya. Ma'aji nawa ne aka ɓata wa suna a gari, alhali bai ci komai ba, don kawai ba shi da takardar da zai nuna? Ƙungiya nawa ce ta tarwatse, abokai suka daina gaisawa, a kan kuɗin da ba wanda ya san inda ya shiga? Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Ta biyar, wane ne zai yi me? In aka ce "kwamiti zai kula", to ba wanda zai kula, domin kwamiti ba ya ɗaukar jarka. Kowane aiki a rubuta sunan mutum ɗaya a gabansa da ranar da zai kawo bayani. Kuma mu tuna mu matasa ne, ba mazauna ba ne. Wannan zai samu gurbin karatu a Zariya, wancan zai tafi hidimar ƙasa, wani zai tafi ci-rani Legas ko Abuja, wani zai yi aure nauyi ya hau kansa. Kowane muƙami ya zama yana da mataimaki da ya san komai, littattafai da takardu kuma su zama na ƙungiya, kada su zauna a cikin wayar mutum ɗaya, ranar da ta faɗa ruwa tarihin ƙungiya ya bi ta.

Ta shida, wadda ita ce uwar sauran, wa za a miƙa wa, da me zai riƙe? Tun kafin a tona rami a san wannan. In famfo ne, a kafa masu kula da shi daga cikin masu ɗiban ruwan, a amince da ɗan abin da kowane gida zai riƙa bayarwa a wata, a koya wa mutum biyu gyara, a san shagon da ake samun kayansa. In na sola ne, a san mai gadinsa, a san kuɗin canza abin da ya ƙone. In makaranta ce, a san inda alawus ɗin malamai zai fito a wata na goma sha uku, bayan zafin gidauniya ya huce. Magabatan da suka yi waƙafi sukan haɗa masallaci ko makaranta da shago ko gona da za ta riƙa ciyar da ita. Me zai hana mu gina shago biyu a jikin katangar Islamiyya kafin mu yi tunanin bene? In aka rasa amsar wannan tambaya ta shida, to a rage aikin har ya dawo daidai abin da jama'a za su iya riƙewa, ko a haƙura da shi. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Bayan duk wannan, a sa wata rana a kalanda, shekara ɗaya cif bayan buɗewa. Ranar a koma wurin ba rumfa ba lasifika, a ƙirga dashe nawa ke da rai, a buga famfo a ga ko yana kawo ruwa, a kira sunayen marayun a ga nawa ke zuwa makaranta. Abin da aka gani a faɗa wa waɗanda suka ba da kuɗinsu, mai daɗi da marar daɗi. Talakan da ya cire daga kuɗin cefanensa ya ba ka yana da haƙƙin ya ji gaskiya, kuma in ka gaya masa inda ka kasa, zai fi yarda da kai gobe fiye da in ya gano da kansa. Kowane kufai da muka bari a baya, ƙofa ce muka rufe wa ƙungiyar da za ta zo neman taimako bayanmu, domin mutumin da aka karɓi kuɗinsa sau biyu bai ga komai ba, ranar ta uku zai ce Allah Ya ba da haƙuri, ko da kuwa masu gaskiya ne suka zo.

Daga ƙarshe, kiranmu ga ƙungiyoyin matasa na Daura da Baure da Zango da Sandamu da Mai'aduwa shi ne, a taronku na gaba kada ku kawo maganar sabon aiki. Ku ɗauko littafi ku jera duk abin da kuka taɓa ƙaddamarwa tun kafa ƙungiya, ku naɗa mutum biyu su je su gano halin da kowanne yake ciki, su dawo da bayani cikin mako biyu. A cikin waɗanda suka tsaya ku zaɓi ɗaya, mafi sauƙi, ku tayar da shi, ku miƙa shi ga wanda zai riƙe da sunansa da shaidu. Gyaran tsohon famfo ba ya tara jama'a, ba a gayyatar babban baƙo, wataƙila ma ba wanda zai ɗauki hoto. Amma yarinyar da ke tafiya mai nisa da jarka a ka kafin ta tafi makaranta za ta san an yi.

Mu ma namu yana kanmu. Insha Allah da daminar bana za mu koma waccan maƙabarta da dashe 50, da ƙaya, da sunayen mutum 25. Allah Ya ba mu ikon riƙe amanar da muka ɗauka, Ya yafe mana wadda muka tozarta cikin rashin sani. Wassalam.